Tambaya da Amsa: Gadar Lugga, Inuwar Gamji da Lilon 'Yan Unguwa

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan filin shaƙatawa na cikin unguwa: kayan wasan yara, itatuwa, da tsofaffin abubuwan da aka tarar a wurin. Yawancinsu daga Kaduna suka zo, shi ya sa muka fara da Ƙofar Gamji, filin shaƙatawar da ke bakin kogin Kaduna. Masu aikin lambu, aikin ƙarfe da gini ne suka haɗu suka ba da amsoshin.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na kai yara Gamji da ƙaramar Salla, muka ga wata 'yar gadar ƙarfe, wani ya ce mana ta girmi garin Kaduna. Ta yaya gada za ta girmi garin da take ciki? Wata uwa daga Unguwar Rimi, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Wanda ya gaya miki bai yi ƙarya ba, in dai Kadunar da Turawa suka mayar hedikwata ake nufi. Ba a nan aka fara kafa gadar ba. A Zungeru aka kafa ta a 1904, zamanin Gwamna Lugga, lokacin da Zungeru ce hedikwatar Arewa, kuma ita ce ta haɗa gidan gwamnan da sauran barikin. A wannan shekarar ce ma aka haifi Nnamdi Azikiwe a garin. Hedikwata ba ta dawo Kaduna ba sai 1917, kin ga tsakani akwai shekara 13. Daga baya aka kwance gadar aka kawo ta Kaduna aka sake ɗaurawa, sannan a 1956 aka sa ta cikin kayayyakin tarihi na ƙasa da doka ke karewa. Tsawonta bai wuce kimanin mita 14 ba. Amma ki gaya wa yaran cewa akwai mutane a bakin wannan kogi tun kafin Lugga, musamman al'ummar Gbagyi, kada su ɗauka tarihin wurin daga Bature ya fara.

Sunan filin a hukumance shi ne na Janar Hassan Usman Katsina, ɗan Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya yi gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, ya rasu a 1995. Duk da haka bakin jama'a bai bar Gamji ba, kuma ba a ambaton gamji a Kaduna ba a tuna da Sardauna Ahmadu Bello, Gamji ɗan ƙwarai ba. Shi kansa kogin yana da abin faɗa, domin bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne sunan Kaduna daga jam'in kada ya fito. In kin koma, ki nuna musu yadda aka sassaƙala ƙarafan gefen gadar suna gicciye da juna. Wannan saƙar ce take raba nauyi, shi ya sa siraran ƙarafa suke ɗaukar abin da mutum ba zai zata ba.

TAMBAYA: A filin unguwarmu akwai tsohuwar ƙofar ƙarfe da wani famfon hannu, an ce tun zamanin da aka shimfiɗa layin dogo. Tsatsa ta ci su. Matasa suna so su yi musu fenti. Mene ne matakan? Wani sakataren ƙungiyar unguwa daga Zariya.

AMSA: Malam, kafin kowa ya ɗauki buroshi, ku tabbatar ba sa cikin abubuwan da doka ta kare. Hukumar kula da gidajen tarihi da kayayyakin tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke da wannan rajista, kuma tana da gidan tarihi a titin Ali Akilu a Kaduna. In suna ciki, ba a taɓa su sai da izininta a rubuce. In ba sa ciki, ku nemi yardar mai wurin, ku ɗauki hoton kowane gefe, har da duk wani rubutu ko lamba da aka zuba a jikin ƙarfen, domin sau da yawa a nan ake samun sunan kamfani da shekara.

Sai a bi ƙarfen da ƙaramar guduma ana ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙara tangaran lafiya lau ne, inda ya yi sautin ruɓaɓɓen itace tsatsa ta shige ciki. Wuri biyu ne suka fi lalacewa: inda ƙarfe ya taɓa ƙasa, da mahaɗar da ruwa ke kwanciya. A kankare tsatsa da buroshin waya har sai an kai ga ƙarfe mai ƙwari. Hattara a nan: tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, kuma wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba zai yi wasa da ƙurarta ba. A riƙa jiƙa wurin ana kankarewa, a rufe hanci da baki, a shimfiɗa leda a tattara ɓarɓashin, a kori yara daga wurin.

Da ƙarfen ya bushe, a shafa jan fentin shimfiɗa na kariyar tsatsa a ranar. In aka bari ya kwana raɓa ta sauka, an koma gidan jiya. Bayan kwana ɗaya sai fentin mai, shafi biyu marasa kauri, kwana ɗaya tsakaninsu. Lita guda takan rufe kusan murabba'in mita 10 a shafi ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a lafta fenti mai sheƙi kai tsaye a kan tsatsa, wata shida ya kumbura ya ɓare. Famfon kuwa mai yiwuwa ƙarfen zubi ne, kada a sa masa walda ta yau da kullum, tsagewa yake yi.

TAMBAYA: Mun tara kuɗi za mu sa mai walda ya haɗa mana lilo mai kujera huɗu, mu yi daɓen siminti a ƙasa don tsabta. Akwai abin da za mu kiyaye? Wani shugaban kwamitin matasa daga Kawo.

AMSA: Akwai, kuma na farko shi ne ku fasa daɓen. Yawancin raunin da yara ke samu a wurin wasa daga faɗuwa ne, kuma abin da yaro ya faɗa a kai shi ke raba gurjewar gwiwa da fashewar kai. Siminti, kwalta, da jar ƙasar da rani ya busar duk ɗaya ne a wurin kan yaro. Ciyawa ma ba ta daɗewa a ƙarƙashin lilo, mako uku ƙafafu sun share ta. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne yashin kogi wankakke, marar laka, wanda in an dunƙule shi a hannu yake wargajewa. Ƙa'idar Turai ta nemi zurfin santimita 30 in tsayin faɗuwa bai wuce mita 2 ba, santimita 40 kuma in ya kai mita 3. A can suna amfani da ɓarɓashin katako, amma a nan gayyatar gara ce kawai.

Na biyu, kujera huɗu a jere a ƙarƙashin sanda ɗaya ba ta dace ba. Biyu ake sawa tsakanin ƙafafun lilo, in ana son huɗu sai a ƙara ƙafa a tsakiya ya zama ɗaki biyu. Dalili shi ne yaron da ya sauka daga kujerar tsakiya dole ya ratsa gaban wata, nan ake buge shi. A bar santimita 60 tsakanin kujera da kujera, santimita 75 tsakanin kujera da ƙafar lilo, sannan kujerar ta yi sama da yashi da aƙalla santimita 30. Da wannan lissafi, tsawon sandar sama ta kujera biyu daga gefe zuwa gefe zai kai mita 3.

Ga inda mutane ke raina fili. Gaban lilo da bayansa kowanne yana bukatar ninki biyu na tsayin sandar sama, gefe da gefe kuma mita 1.8. In sandar tana mita 2 daga ƙasa, lilo mai kujera biyu yana bukatar mita 8 daga gaba zuwa baya, mita 6.6 daga gefe zuwa gefe, babu benci, babu itace, babu bakin kwata a ciki. Wannan kusan murabba'in mita 53 ne, wato yashi kusan kubik mita 16. Tifa ba girmanta ɗaya ba, don haka ku auna tsawo, faɗi da zurfin bodinta ku ninka kafin ku yi ciniki. A haƙa wurin, a sa tsakuwa a ƙasa don ruwa ya tsane, a kewaye da tsofaffin tayoyi da aka binne rabi don riƙe yashin.

Ga mai walda: bututu mai inci 3 wanda kaurin jikinsa bai gaza milimita 3 ba, ba irin na ƙafar teburi ba. Kowace ƙafa ta shiga rami mai zurfin santimita 60 a ƙarƙashin yashin, a zuba kankare na siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, a riƙa ba shi ruwa kwana 7 kafin yaro ya hau. Kan kankaren ya ɓuya can ƙasa. Kada a rataya sarƙa kai tsaye a ƙugiyar rodi, ƙarfe yana cin ƙarfe a ɓoye har ranar da zai tsinke da yaro a sama. A sa marataya mai boris ko mai noti da ake yi wa giris. Idon sarƙar ya zama bai kai milimita 9 ba don kada yatsa ya shige. Kujera ta roba ce ko ta taya, ba katako ba, ba ƙarfe ba. In taya ce, a huda ƙasanta don kada ruwa ya kwanta sauro ya hayayyafa, a duba kuma ko wayar cikinta ta fito.

Abu na ƙarshe da kusan ba wanda ke aunawa: duk wata kafa a jikin kayan wasa, ko tsakanin sandunan shinge, kada faɗinta ya faɗa tsakanin santimita 9 da 23. A irin wannan jikin ƙaramin yaro yake wucewa kansa ya maƙale. Ku naɗa mutum ɗaya da sunansa ya riƙa leƙa wurin kullum da safe, ya tsince kwalba da ƙusa, ya maida yashin ramin da ƙafafu suka haƙa. Duk wata uku a ɗaure notuna, a duba zoben sama na sarƙa, in ya cinye kashi ɗaya cikin uku a canza.

TAMBAYA: Ƙarfen zamiya na filinmu ya ƙona cinyar 'yata da rana. An ce a juya shi ya fuskanci arewa. Zai yi magani? Wata malamar makaranta daga Barnawa.

AMSA: Allah ya ba ta lafiya, Malama. Wannan shawarar ta ƙasashen da rana ke karkata kudu ce duk shekara. A Kaduna, a watannin Maris da Afrilu da zafi ya fi tsanani, rana kusan a tsakiyar kai take da azahar, juyawa ba za ta hana komai ba. Inuwa ce maganin: rumfar kwano mai tsayi ko ta zana, ko a matsar da shi gabashin babban itace don ya tsira daga ranar la'asar. Roba ma tana zafi. Kafin yaro ya hau, babba ya ɗora bayan hannunsa ya ƙirga biyar, in bai jure ba yaro ba zai jure ba.

TAMBAYA: Ranku ya daɗe. Muna da fili mai tsohuwar tsamiya guda, muna so mu ƙara itatuwa 40, mu kuma zagaye tsamiyar da dakalin siminti don dattawa. Wane iri za mu dasa, kuma yaushe? Wani mai unguwa daga Rigasa.

AMSA: Allah ya ja zamanin mai unguwa. Bari mu fara da tsamiyar, don ta fi sababbin arba'in ɗin daraja. Lilo ana sayensa a yini ɗaya, inuwar tsamiya kuwa sai an jira ta shekaru masu yawa. Dubi sunayen unguwanninmu: Unguwar Rimi a Kaduna, Kurna, Dorayi, Durumin Iya da Cediyar 'Yan Gurasa a Kano. Kawo ma sunan itace ne. A wurare da yawa itacen ya tafi, suna kaɗai ya rage.

Dakalin siminti a gindi yana kashe tsohon itace a hankali. Saiwoyin da ke shan ruwa da iska ba su da zurfi, yawancinsu suna cikin santimita 60 na sama, kuma suna bazuwa nesa da gindi. Ma'aunin da masu kula da itatuwa ke bi shi ne a auna kaurin gangar daga gefe zuwa gefe a daidai ƙirjin mutum, a ninka sau 12. In kaurin mita 1 ne, to mita 12 daga gindi ta kowane gefe ba a haƙa tushen gini, ba a daɓe, ba a jibge ƙasa, ba a ajiye mota. Lalacewar ba ta nunawa nan take. Sai bayan shekara uku ko biyar a ga rassan sama suna bushewa, a ce tsufa ne. Dattawa su sami benci masu ƙafa da za a ajiye a kan ƙasa. A hana ƙona shara a gindi, a hana buga ƙusa, kuma in akwai kogo kada a cika shi da siminti, damshi yake riƙewa ruɓa ta ƙaru. Busasshen reshe da ke kan mazauni a sare shi da rani da yanka uku: a fara tsaga ta ƙasa, a yanke ta sama gaba kaɗan reshen ya faɗi, sannan a gyara kututturen daidai kumburin da ke mahaɗarsa da ganga. In aka yi yanka ɗaya, nauyin reshen yana ɓare ɓawon ganga ya bar rauni.

Sababbin kuma a gauraya su. Darbejiya tana saurin ba da inuwa, tana jure fari, akuya ba ta cika damunta ba. Maɗaci yana yin dogon itace mai kyau a bakin hanya, sai dai masu neman magani suna ɓare masa ɓawo, in suka zagaye gangar ya mutu, don haka a sa shi inda ido ke kai. Cediya da durumi ana dasa reshensu kai tsaye da farkon damina su kama. Su da gamji dangi ne, saiwarsu tana bin ruwa, a nisanta su da katanga, sokawe da bututu da aƙalla mita 15. Ɗorawa da tsamiya suna da jinkiri, amma su ne na jikoki. Giginya ba ta zama kusa da wurin wasa saboda nauyin 'ya'yanta, gawo yana da ƙaya kuma yana zubar da ganye da damina, mangwaro kuwa yana jawo jifa. A tumɓuke zurma, cini-da-zugu da zaƙami duk inda suka fito, 'ya'yansu guba ne ga yaro.

A haƙa rami santimita 60 faɗi da zurfi tun watan Mayu, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki kwanon sarki ɗaya. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa yana kiran gara. A dasa a Yuni zuwa farkon Yuli, bayan ruwa ya zauna. A yage ledar, kada a binne wuyan dashen fiye da yadda yake a cikinta. Tazara mita 8 zuwa 10 ga manyan itatuwa. Kowane dashe ya sami keji mai tsayin mita 1.5. Abin da ke kashe dashe ba damina ba ce, ranin farko ne: jarka ɗaya mai lita 25 sau biyu a mako ga kowanne, daga Nuwamba har ruwa ya sauka. Itace 40 ke nan lita 2,000 duk mako. In babu wannan ruwan, ku dasa 15 ku raya su.

TAMBAYA: Filinmu yana bakin rafi, duk Agusta ruwa yana shanye rabinsa. Mu cike shi da ƙasa? Wani magidanci daga Kabala.

AMSA: Kada ku cike, Malam. Ruwan da kuka hana kwanciya a filin gidajen maƙwabta zai nufa. Wanda ya ga ambaliyar kogin Kaduna ta 2003 da ta 2012 ya san ruwa ba ya manta hanyarsa. A gaskiya filin shaƙatawa shi ne abin da ya fi dacewa da irin wannan wuri, don ciyawa tana nutsewa ta tashi, ɗaki kuwa ba ya tashi.

Ku tambayi tsofaffin unguwa iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa, ku kafa turaku a layin. Ƙasa da layin a bar ciyawa, hanyar tafiya da filin ƙwallo. Sama da shi a sa banɗaki, ɗakin ajiya, kayan lantarki da ramin yashin yara. Ramin masai ya nisanci rijiya da rafi da aƙalla mita 30. A ba filin gangara kaɗan, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, don ruwan sama ya tsane. Gaɓar da ke zaizayewa a dasa mata jema a layi-layi a gicciye da gangaren, santimita 15 tsakanin tushe da tushe. Saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai, tana riƙe gaɓa fiye da buhunan yashi da rana ke cinyewa a shekara guda.

Bayan ruwa ya janye, a cike kududdufai, a kwashe lakar da ta hau yashin wasa don tana daskarewa kamar daɓe. A hana yara wanka a kwantaccen ruwa, nan ake kwasar tsargiya. Tsakanin wurin yara da rafi a sa shinge mai tsayin mita 1.2 da sanduna a tsaye, don na kwance tsani ne.

TAMBAYA: Filinmu mita 60 ne da mita 40. Samari suna son ƙwallo, dattawa suna son wurin zama, mata sun ce ba a tuna da su ba. Yaya za a raba? Wani ɗalibi daga Tudun Wada.

AMSA: Babban filin ƙwallo ba zai shiga ba, amma na 'yan biyar-biyar zai shiga: mita 40 da mita 20, raga mai faɗin mita 3 da tsayin mita 2. A miƙe shi kudu da arewa in fili ya ba da dama, don kada ranar la'asar ta shiga idon mai tsaron gida. A binne ƙafafun ragar ko a ɗaure su da ƙasa sosai, domin yara suna lilo a sandar sama, raga marar ɗauri kuwa tana kifewa a kansu. A sa doguwar waya a bayan ragar da ke kallon wurin yara. Wannan fili ɗaya zai ɗauki ƙwallon raga, mai mita 18 da mita 9, in an yi ramukan turaku masu murfi.

Koken mata gaskiya ne, kuma maganinsa a tsari yake. A yi musu mazauni mai inuwa inda za su riƙa hango yara ba tare da sun ratsa ta majalisar maza ba, da ƙofar shiga ta kusa, da banɗaki nasu wanda ƙofarsa ba ta kallon ta maza. A tanadi famfo da wurin alwala. Unguwar da ta haɗa Musulmi da Kirista ta tuna filin na Salla ne kuma na Kirsimeti.

A bar wani sashe fili kawai, ƙasa mai laushi ba tare da komai ba. Nan ne wurin langa, kokawa da gaɗar 'yan mata, kuma babu abin da ake saya don su. Dattawa a yi musu teburin dara a inuwa: ramuka 30, layi 5 na gurbi 6, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. In an zuba teburin da kankare, a danna ƙwallayen giginya ko ƙananan kofuna tun yana ɗanye don su fitar da guraben.

TAMBAYA: Fitilun sola da muka sa suna mutuwa kafin ƙarfe goma na dare, alhali ba su shekara ba. Wani ma'ajin ƙungiya daga Malali.

AMSA: Lissafi ne bai cika ba. Fitila mai wat 30 da za ta kwana awa 12 tana cin 360 a ma'aunin wat-awa. Batir mai bolt 12.8 da amfiya-awa 30 yana riƙe 384 ne kacal, kuma in ana tatse shi ƙarƙaf kowane dare ba ya daɗewa. A saita fitilar ta yi cikakken haske awa 5, sannan ta sauka zuwa kashi 30 cikin 100 sauran awa 7. Cinta zai dawo 213. Faranti mai wat 80 yakan tara kusan 280 a yini mai rana sosai, ƙasa da haka a hadarin Agusta. Lambar wat da ake bugawa a kwali kada ta ruɗe ku, girman batir da na faranti za ku tambaya.

Kafin ku zargi batir, ku hau ku duba farantin. Ƙurar hunturu da kashin tsuntsu suna rage caji ƙwarai. A goge da jiƙaƙƙen tsumma duk mako biyu da sassafe. Farantin ya kalli kudu da karkata kamar digiri 10 zuwa 15, kuma a lura da reshen da ya girma ya rufe shi. Turke mai mita 5, tazara mita 15 zuwa 20, a fara da ƙofa, banɗaki da lungunan da ba a hangowa.

TAMBAYA: Muna jin ƙishin-ƙishin za a yanka filin wasan unguwarmu a yi shaguna. Me za mu yi tun kafin a kawo bulo? Wasu mazauna wata sabuwar unguwa.

AMSA: Ku fara da takarda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamnan jiha a matsayin amana, don haka daɗewar yara suna wasa a wuri ba ta zama hujja ita kaɗai. Ku nemi taswirar shimfiɗar unguwar da hukuma ta amince da ita, ku ga ko an nuna wurin a matsayin filin jama'a. A Kaduna bayanan filaye suna hannun hukumar KADGIS, izinin gini kuma yana hannun hukumar tsara birane, KASUPDA. A Kano takwarorinsu su ne KANGIS da KNUPDA. Ku yi wa ƙungiyarku rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni, don ta iya rubuta wasiƙa da shiga kotu da sunanta. Ku rubuta wa hukumomin ta hannun mai unguwa da hakimi, ku karɓi kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. In an ba ku izinin kula da wurin, safiyo mai lasisi ya auna ya kafa duwatsun iyaka.

Sannan ku sa filin ya zama mai amfani a idon kowa. Wurin da ya zama juji shi ake cewa ba na kowa ba ne. A share, a dasa itatuwa a kan iyaka, a kafa raga da allon suna. Shinge gajere da ake hangen ciki ya fi doguwar katanga, wadda ke ɓoye ɓarna. Kwamiti da kansa kada ya fara ba da hayar kusurwa a kafa kwantena, daga nan ake farawa.

TAMBAYA: Muna so mu kafa allon tarihin unguwa a filinmu, kusa da ragowar wata tsohuwar katangar ƙasa. Me za mu rubuta, kuma mu shafe katangar da siminti? Wata ɗaliba mai nazarin tarihi daga Katsina.

AMSA: Katangar ƙasa ba ta shiri da siminti. Ƙasa tana shan damshi tana fitarwa, siminti kuwa yana kulle shi a ciki, sai tubalin ya narke a ɓoye, wata rana shafen ya faɗo da rabin bangon. A nemo maginin gargajiya ya yi yaɓe da irin ƙasar da aka cuɗa da ciyawa, ya bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. A gyara kan katangar kafin kowace damina, a kawar da ruwa daga gindinta, a sa ɗan shinge mita 2 daga jikinta don hana hawa da fitsari, wanda gishirinsa ke cin gindin bango.

Rubutun kuma, ki zauna da tsofaffi aƙalla uku, kowa daban, maza da mata, ki naɗi muryarsu da izininsu. Tsofaffin mata sukan riƙe sunayen rijiyoyi, kasuwanni da gidajen da maza suka manta. Abin da bakinsu ya haɗu a kai, ko takarda ta tabbatar, shi za a rubuta kai tsaye. Wanda mutum ɗaya ya faɗa a sa masa "an ce". Kada a ƙirƙiri shekara, in zamanin sarki kaza aka sani a rubuta hakan. Kalma 120 ta isa: asalin sunan unguwa, waɗanda suka fara zama, sana'arsu, da abin da mai karatu ke gani a gabansa. A rubuta da boko da ajami, a karanta wa mai unguwa da tsofaffin kafin a kai wa mai zane. Leda mai ɗab'i tana koɗewa cikin shekara biyu a ranarmu, don haka a sassaƙa a dutse ko a farantin ƙarfe marar tsatsa, haruffa masu tsayin santimita 2 zuwa sama, tsakiyar allon kamar mita 1.2 daga ƙasa don yaro da mai keken guragu su iya karantawa. Muryoyin da kika naɗa ki ajiye kwafi biyu, ɗaya a makarantar unguwa, ɗaya a gidan mai unguwa.